Gaurakin Baba

Har yau ban yafe wa mijin yayata ba, kuma ba ni da niyya.

Muna da lambu a bakin wani tabki kusa da Birchi. A shekarun da aka samu mulkin kai ni ke ban ruwa da jigo, don ƙafafun Baba sun riga sun ƙi. Idan sanyi ya fara ja da baya, sai in ɗora shi a jaki in kai shi gindin kanya ya wuni yana kallon tsuntsaye. Ga balbela, ga kurciyoyi, ga zalɓe a tsaye kamar wanda aka ɓata wa rai. Amma gauraki biyu, mace da namiji, su ne nasa. Mutumin da ciwo ya raba da kasuwa da masallacin Juma'a, abin da ya rage masa ke nan.

Mijin yayata dillalin hatsi ne a Dutsin-Ma, ga surutu ga son a sani. Ya sayi bindiga, kowa ya gamu da shi sai ya sha labarinta. Ran nan ya zo gaisuwa, ya ce bari ya zaga tabki. Can muka ji ƙara. Sai ga shi yana jan gauraka ɗaya ta wuya. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ajiye gaurakan gaban Baba, wai harbin farko na babba ne.

"Baba, ga ɗan abin miya," in ji shi, yana washe baki.

Na zabura, Baba ya kalle ni, na tsaya. Tsakanin surukai akwai kunya, ba dama ya gaya masa magana mai zafi.

"Allah shi yi albarka," Baba ya ce, kansa a sunkuye. "An gode."

Sakaran ya koma gida yana ganin ya yi bajinta.

Wadda ta rage ta yi kwana da kwanaki tana kewaya tabkin tana kuka. Baba ya ce in daina kai shi lambu, amma gidanmu ba nisa, kukan na shigowa har ɗakinsa. Wata safiya na tarar ya cusa auduga a kunnuwa.

"Tahi ka kore ta," ya ce. "Ban iyawa."

Na je na yi ta jifar ta da hoge har ta tashi.