Gaisuwar Rasuwa a Bayan Kusugu

Shekara huɗu na yi ina kula da zumuntar ɗalibai Kirista a wata kwaleji a Daura, lokacin Shari'a tana sabuwa, kowa yana iya bakinsa. Ba mu da yawa. Ran Lahadi mu share aji guda mu yi sujada, ran Laraba da yamma mu yi nazarin Littafi Mai Tsarki a gindin darbejiya. A gabana Mama suke ce mini, a bayan idona kuwa mafaɗaciya. Ban taɓa musawa ba.

Yawancinsu daga kudu da Filato suka zo. Yarinya ɗaya ce 'yar gari, ita ma a jini kawai. Mahaifinta ɗan gidan dukawa ne a bayan Kusugu. Ya karɓi Kiristanci yana saurayi, ya bar gari, har ya mutu bai sake takowa ba. Ita kuwa da gangan ta zaɓi wannan kwaleji saboda kakarta ta wajen uba tana nan da rai. Sau ɗaya ta shiga gidan. Tsohuwar ta riƙe fuskarta ta yi ta kuka, amma baffanta ko gaisuwarta bai amsa ba. Tun daga ranar ba ta koma ba.

Wata safiya ta same ni ina wanki. Wata 'yar ajinsu ta gaya mata tsohuwar ta rasu jiya, har an kai ta.

"Mama, ina so in je," in ji ta. "Amma in suka kore ni fa? Su kaɗai suka rage mini ta wajen Baba."

Kafin azahar labari ya zaga zumunta. Sai ga su sun taru ƙofar ɗakina, kowa da littafin waƙoƙi, ɗaya har da ganga a hammata. Shugabansu ya riga ya zaɓi ayar da zai karanta. Raina ya ɓaci.

"Gidan makokin Musulmi za ku da ganga? Kanku ɗaya kuwa? Ku kuna gama karatu za ku tattara komatsanku ku tafi, ita nan ne tushenta."

Shugaban ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, haka muke yi a gida."

Gaskiyarsa ne, kuma ƙauna ce ta kawo su. Amma ban sassauta ba. Na ce su koma aji su yi mata addu'a, ni zan raka ta.

Ni Bahaushiya ce, a tsakiyar Musulmi na tashi, don haka ina ji da kaina a wannan fanni. Na ba ta babban gyalena ta yafa. A hanya na yi ta bita da ita kamar 'yar firamare: ki cire takalmi, ki durƙusa, ki ce ya haƙuri, ki ce Allah ya ba da dangana, mu ɗan zauna, ina taɓa ki mu tashi. Kada ki ƙara ko kalma. A raina so nake mu shiga mu fito ba a ci mana fuska ba. Tsoro nake ji, wallahi, sai dai ban nuna mata ba.

Maza suna zaune kan tabarmi a ƙofar gida, baffan yana tsakiya da carbi. Muka rusuna muka gaishe su, ya amsa bai ɗago ba. A tsakar gida mata ne cike, gwaggonta, yayar mahaifinta, tana jingine da bango tana amsar gaisuwa. Yarinyar ta durƙusa yadda na koya mata.

"Gwaggo, ya haƙuri?"

Gwaggon ta ɗago kai. Ta ƙare mata kallo.

"Wa ya koya miki wannan?" in ji ta. "Ni kike yi wa gaisuwa? Ke ba a yi miki rasuwar ba?" Ta matsa, ta daɓa tabarma kusa da ita. "Zauna nan. Masu zuwa su gaishe ki."

Kunya ta lulluɓe ni. Na gama yi wa yara faɗa don ba su san al'ada ba, ni kuma na ɗauko 'yar gida na kawo ta a matsayin baƙuwa.

Gwaggon ta dubo ni. "Ke ce malamarta?"

"Ni ce, Hajiya."

"To, ai ba ki gaishe ta ba."

Na ja gwiwa zuwa gaban ɗalibata na ce, "Ya haƙuri?"

"Da godiya, Mama," in ji ta. Sai a lokacin kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata, gwaggon ta jawo kanta ta ɗora a cinya.

Na ɗan zauna, na yi sallama, na sa takalmana na fito. A ƙofar gida baffan ya ɗago kai.

"Malama, ina yarinyar?"

"Tana ciki, Alhaji."

Ya ja carbinsa ɗaya, biyu, sannan ya ce, "To, a bar mana ita sai an yi uku."