Ranar Da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Ni ba na faɗin sunan ɗan farina. Haka na taso na ga uwata na yi, kuma zuwa Bronx bai cire mini wannan kunyar ba. "Kai" nake ce masa, in abin ya matsa in ce "yaron nan". Maƙwabciyata, 'yar zangon Kumasi, kullum sai ta tsokane ni. "Hajiya, nan Amurka ne fa, kunyar nan taki ba ta da biza."

Wata Lahadi da bazara muka kwashi yara da tabarma da kular dafa-duka muka tafi wani babban wurin shaƙatawa da ke can ƙarshen layin jirgin ƙasa. Gabansa fili ne da teburan katako, bayansa kuwa daji ne sosai, da tafki a ciki. Maigidana na ta fama da gawayin gashi, ni da maƙwabciyata muna yanka albasa muna gulma. Da na ɗaga kai na ƙirga yara, babu ɗan farin nawa. Shekararsa bakwai a lokacin.

Maigida ya yi wajen motoci, maƙwabciyata ta tsare sauran yaran, ni kuma na kama wata siririyar hanya na shiga dajin. Ban yi nisa ba kiɗan mutane da ƙarar titi suka ɗauke ɗif. Rana tsaka ce, amma ƙarƙashin itatuwan nan duhu-duhu ne, ga sanyi, ga warin ruɓaɓɓen ganye. Ko tsuntsu bai yi kuka ba. Tsoro ya kama ni, irin na ƙuruciya, lokacin da ake hana mu shiga kurmi da tsakar rana.

"Kai! Kai, yaron nan!" Haka na yi ta ihu, ni kaina na san shirme nake yi. A daji wa ye "kai"? Na hango tafkin ta tsakanin itatuwa, ruwan kore shar, ba ya ko motsi. Yaron bai iya iyo ba. Nan na buɗe baki na ƙwala sunansa. Sunan ya fito mini wani iri, kamar na ari bakin wata. Na yi ta maimaitawa har muryata ta dushe, babu amsa.

A gindin wani faɗaɗɗen icce na same shi, dab da bakin ruwa, bai kai jifa ba daga inda nake ta ihun. Ya takure ya toshe kunnuwa da hannu biyu. Na fizgo shi, na rasa ko in mare shi ko in rungume shi.

"Ba ka ji ina kiranka ba?"

Yana jin Hausa, amma da Turanci yake amsawa. Ya ce ya ji. Ya ce tun yana filin ciyawa yana bin ƙwallo ya ji muryata daga cikin itatuwa tana kiran sunansa a hankali, da lallashi, shi ne ya biyo ta. Sai da ya ga ruwa ya tuna cewa ni ba na faɗin sunansa, sai ya tsaya ya ƙi ƙara taku.

Na ce masa ni ban yi kira a hankali ba, kuma a lokacin da yake nufi ina can ina yanka albasa. Na waiwaya, babu kowa sai itatuwa.

"Daga baya kuma ta dawo tana ihu," in ji shi. "Shi ne na toshe kunne."

"Wannan ni ce," na ce.

Ya daɗe yana kallona, bai miƙo mini hannu ba. Can ya ce, "Mama, ce mini 'kai' in ji."