Tunkiyar da Yaya Ya Yanka

Ni dai son jin ƙwaƙwaf ne ya kai ni kotu ranar, ba wanda ya kira ni. So nake in ji da kunnena yadda ake yi wa mutum shari'a a kan taimako.

Wani manomi ne daga wajen Dukku ya ɗaure tunkiyarsa a gindin rumfar yayana ranar kasuwa, ya tafi sayen taki. Tunkiya ta samu ɓawon rogo ta narka, ciki ya kumbura, ta faɗi tana shure-shure. Jama'a suka hau ihu, "Za ta yi mushe! Wa ke da wuƙa?" Yaya kuwa, in dai taimako ne, ba ya jira a kira shi sau biyu, da haka aka san shi a layin. Ya yi bisimilla ya yanka.

Mai tunkiya ya dawo, bai yi faɗa ba. Ya ce ciki gare ta, kuma ba yau ta fara wannan kumburi ba, manja yake ɗura mata ta tashi. Ba a daɗe ba sai ga sammaci.

Yaya har abinci ya daina ci. Ba biyan ne ya dame shi ba, illa a ce shi ne ya yi ɓarna.

Alƙali ya tambaye shi, "Malam, taka ce?" Ya ce a'a. "Mai ita ya ba ka izini?" Yaya ya ce, "Allah ya gafarta malam, nama na cece masa." Manomin ya miƙe, da Hausarsa mai karin Dukanci, ya ce, "Tunkiya na ɗaure, ba nama ba." Wallahi na rasa wa zan ba gaskiya! Alƙali dai ya ce kyakkyawar niyya ba ta mai da kayan wani naka, Yaya ya nemo wa manomin wata.

Da damina ta faɗi, ragon maƙwabcinmu ya kwanta a ƙofar gida yana fisge-fisge, mai shi yana can garin Mashegu. Na fito na tarar da Yaya tsugune a kansa, wuƙa a hannu ɗaya, waya a ɗaya, yana ta kira ba ta shiga.

Na ce, "Haba Yaya, yanka mana!"

Ya ce, "Ba nawa ba ne."

Muna kallo ragon ya miƙe ƙafafu. Ban taɓa jin tausayin Yaya irin na ranar ba. Shi kaɗai ya haƙa rami ya binne shi.