Damin Irin Baffa Nomau

Bana shekara hamsin da biyar ke nan da rasuwar Baffa Nomau, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina jinjiri bayan iyayena sun riga mu gidan gaskiya. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba, sai da mu 'yan kulob ɗin tsofaffin ma'aikata muka je gidan tarihi ranar Asabar, kallon kayan noman mutanen da.

Muna tafe muna raha, ga galma, ga hauya, ga lauje. A wani lungu aka rataye ɗan damin gero, an ce irin wanda manomi ke ɓoyewa ne don shukar baɗi. Wani abokinmu, ɗan kwangilar abinci, ya ce, "Wanga ko kaji ba su ƙoshi da shi." Aka bushe da dariya. Ni kuwa sai da na nemi benci na zauna.

A lokacin ƙuruciyata Nasara ba su daɗe da shigowa Sakkwato ba. Haraji ya koma sai da kuɗinsu, manomi kuwa ba shi da inda zai samo su sai rumbunsa. Da kaka kowa ya kwashi hatsi zuwa kasuwa lokaci guda, farashi ya faɗi warwas; da bazara mutum ya koma ya sayi abin da ya noma da hannunsa, da ɗan karen tsada. Haka Baffa ya yi ta fama a gonarsa ta bayan Ƙofar Kware, har shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba.

Rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Ba abin da ya rage sai iri, dami guda a rataye a ɗakinsa. Muka ci rama da tafasa har cikinmu ya kumbura. Ni ne ƙarami a gidan, ni ne kuma mai yawan kuka. Wata safiya na kasa tashi. Baffa ya daɗe yana dubana, sannan ya shiga ya sauko da damin, ya ajiye gaban matarsa, Inna Tumba.

"Malam, in munka ci wanga, mi za mu shibkawa?"

"Sussuka shi, Tumba. Gona ta iya jira."

Gona ba ta jira ba. Ruwa ya sauka, maƙwabta na shuka, Baffa na ƙodago a gonakin mutane. Ya jinginar da tasa, ba ta dawo ba. Ya shiga cin rani, yana dako a garuruwan kudu, har tari ya koro shi gida ya cika. Ni kuwa aka kai ni makarantar boko, na zama akawu, na hau mota. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ni na ci zomon, Baffa ya yi gudun.

Da zai leƙo yau, zai yi mamakin takin zamani da motar noma. Kasuwa kam zai gane ta. Har yanzu manomi na sayarwa da araha ya saya da tsada, kuma wasu daga cikin masu kimshe hatsin a sito, da su nake shan shayi a kulob. Ban taɓa ce musu uffan ba.

Daga gidan tarihin ban koma gida ba, na zarce Ƙofar Taramniya wurin Yaya Hauwa'u, 'yarsa ɗaya da ta rage, tana zaune a ɗakin haya. Na ce mata gadonta na sha a furar da Inna ta dama da damin irin nan. Tana jan carbi ta ce, "Kai kaɗai? Ni ma na sha. Kuma har yar rasu ban ji ya ambaci gonar nan ba. Kai yaka tambaya kullum, ko suna ba ka abinci makaranta."

Wurin gonar yau gidaje ne, kabarinsa ma ba wanda zai iya nunawa. Abin da ya rage na Baffa mu biyun nan ne, da 'ya'yanmu da jikokinmu da ba su san yunwa ba. Allah ya jiƙansa. Na so Yaya ta yi mini faɗa ranar nan. Da ya fi mini sauƙi.