Bindigar Sharika

Shekara da shekaru ina tsaron ƙofar wani shagon zinari a unguwar Jarwal ta Makka. Tsaro dai a baki, don ban taɓa riƙe ko sanda ba. Aikina in buɗe ƙofa, in kawo shayi, in yi wa alhazanmu tafinta idan ciniki ya cije. A Makka aka haife ni, amma har gobe da iƙama, takardar izinin zaman baƙi, nake zaune, kuma mai shagon ne kafilina, wato shi ya tsaya min a wurin hukuma.

Da ɗansa ya dawo daga karatu sai ya mayar da shagon sharika, wato kamfani. Ya tara mu ya ce yanzu a wurin hukuma sharika mutum ce: tana da sunanta, tana da dukiyarta, tana kai ƙara, ana kai ta. Na ce a raina, to madalla, jiya aka haife ta har ta fi ni takardu.

A hajjin wata shekara wani ya fizgi faifan zobba ya shige cikin jama'a. Bayan kwana kaɗan yaron, ɗan mai shagon, ya zo da ƙaramar bindiga a naɗe cikin tawul, ya sa a durowar teburin da nake zama. Wai ta sharika ce, sharika na da haƙƙin kare kayanta, ni kuwa ni ne na kusa da ƙofa.

Na ce ba zan zauna kusa da ita ba. Babana da ƙafa ya ratso Sudan ya zo Makka, kuma tun ina ƙarami ya gaya min a garin nan ko tattabara ba a kora, balle a ɗauki makami. Amma kada in yi ƙaryar tsoron Allah, tarhil nake tsoro, wato kora daga ƙasa. Baƙo aka kama da bindiga, sai jirgi, zuwa ƙasar da ban san kowa ba.

Yaron ya ce, "Baffa, ba sunanka a kai. Sharika ce ke da alhaki."

Na ce, "Ɗana, in 'yan sanda sun zo, sharika za su sa a mota ko ni?"

Ransa ya ɓaci, ya tuna min wanda ke sabunta min iƙama. Uban yana gefe yana jan carbi. Na tafi gida na gaya wa matata ta fara rage kaya.

Washegari tsohon ya kira ni. Bai ce na yi daidai ba, bai ce ɗansa ya yi kuskure ba. Ya ce daga yau in koma sitonsu na unguwar Kudai. Albashi ya ragu, babu na'urar sanyaya ɗaki, sai ƙugin motocin alhazai da kwalaye. Yaron bai ƙara gaishe ni ba, ni ma ban mutu ba.

Amma can ba mai aike na shayi. Da hantsi in sayi wake da burodin tamis in ci tare da direbobi, 'yan Sakkwato da 'yan Damagaram, mu yi ta musu. Da lokacin iƙama ya yi aka sabunta min ba tare da na roƙa ba. A Kudai na yi sauran shekarun aikina, kuma barci nake yi har da minshari.