Bencin Baya

Ranar Lahadi aka mayar da Ladi mai ƙosai bencin baya, inda ake zaunar da wanda ikilisiya ta sa a horo. Da na ga mata suna janye zannuwansu daga gefenta, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Lokacin da majami'armu take Zangouettin, kafin a rushe unguwar, shi dattijo ne mai kujera a gaba, amma kullum bencin baya yake nufa. Har yau ina jin warin man zafin gwiwarsa da ƙarar sandarsa a siminti.

Wata rana Fasto ya ce, "Baba, wurinka yana gaba."

Ya ce, "Ɗana, ranar da Yesu ya mutu dominmu, dattawa ne a gefensa ko ɓarayi? Bar ni nan."

Da na tuna wannan, na ɗauki Littafina Mai Tsarki na koma kusa da Ladi. An ce zan rasa shugabancin zumuntar mata. To, a karɓa! Ba zan tashi ba sai an maido ta.

Ubangiji ya hutar da Baba a Mulkinsa, ya rage mini wuri a bencinsa.