Ranar da Hotunan Shanu Suka Ɓace a Kebbe

Na yi aikin kwamfuta a wurare da yawa, wasu ma na manta ko a wane gari ne, amma ranar da na je Kebbe haɗa wa wata ƙungiyar manoma da makiyaya sabar ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yau idan na tuna sai na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai.

Lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta a Sakkwato ba, na dawo gida Tambuwal ina jin babu abin da zai gagare ni. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mutumin Jabo ne, amma a Kebbe yake aikin malamin dabbobi. Ya daɗe yana ɗaukar hoton duk dabbar da ya yi wa allura, yana rubuta sunan mai ita da kamanninta. Da ƙungiyar ta samu kyautar kwamfutoci biyu, sai ya ce wa shugabanninta yana da ɗa wanda zai zuba musu duk wannan a ciki. Sai da ya gama yi musu alkawari sannan ya gaya mini.

Na yi mako uku a gida ina shiri. Manhajar da na zaɓa guda ɗaya ce, amma ayyuka uku take yi: tana nuna shafi, tana riƙe bayanai, tana kuma ba da hanyar tura hotuna daga wata kwamfutar zuwa wata. Kwamfutar da aka ɗora ta a kai ita ce sabar, sauran kuma daga wurinta suke ɗaukar abin da suke so, ko babu intanet. A kan tawa ta hannu, mai Windos, komai ya tafi daidai. Da ka rubuta sunan mutum sai shanunsa su jeru da hotunansu. Har mahaifiyata na kira ta gani, ta duba ta ce wata saniyar ta rame.

Damina ce. Na hau babur da sassafe, jakar kwamfutar a ƙirjina cikin leda biyu. Wanda ya san hanyar Kebbe a wannan lokaci ya san abin da nake nufi. Sau biyu ni da mai babur ɗin muka sauka muka tura, na isa da laka har gwiwa.

A ƙofar ofishin na tarar da mutane a gindin wata bishiyar darbejiya, an ɗaure wani jan bijimi a gefe, dattawa biyu suna zaune sun juya wa juna baya. Kawu ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya.

“Ka ga wanga bijimi? Shekaranjiya anka tsince shi bakin fadama. Kowanensu ya ce nashi ne. Na ce musu su yi haƙuri, ɗana na tafe da hotuna, yau za a raba gardama.”

“Kawu, ai ko haɗa kayan ban yi ba.”

“To shiga ka haɗa.”

A cikin ofishin na ga abin da ba a gaya mini ba. Kwamfutocin biyu ba jinsi ɗaya ba ne. Ɗaya Windos gare ta, ɗayar kuma Linuks, kuma ita ce mai ƙarfin, ita ce aka jona da batirin sola. Dole ita ce za ta zama sabar. Linuks kuwa a makaranta kawai na taɓa ta, sau biyu ko uku, shi ma da malami tsaye a kaina. Ban gaya wa kowa ba. Allah ya taimake ni na sauko da kowane irin kwafin manhajar a filashina, don haka na fara da mai Windos ɗin saboda ta zama ta ko-ta-kwana. Wannan ba ta ba ni wahala ba, danna nan, amince can, cikin minti goma fitilun ayyukan uku suka zama kore. Shugaban ƙungiyar yana bayana yana gyaɗa kai, ni kuma ina ƙara faɗaɗa kafaɗa.

Da na koma kan ta biyun sai labari ya canza. A nan babu danna nan, sai dai ka buɗe wani baƙin allo ka rubuta umarni da hannunka. Na rubuta, ta ce in kawo kalmar sirri. Na waiwaya, shugaba ya kalli Kawu, Kawu ya kalli rufin ɗaki.

A nan ne wata dattijuwa da ke zaune a kusurwa ta miƙe. Kowa Inna yake ce mata. Ta yi shekaru tana buga tafireta a wani ofishin gwamnati kafin ta yi ritaya, yanzu ita ke rubuta wa ƙungiyar wasiƙu. Ta buɗe wani fayil, ta zaro takardar da ta zo tare da kwamfutocin, ta nuna mini layin da yatsa. Daga nan ba ta koma kusurwarta ba, sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta gyara tabarau. Gaskiya a raina ban so ba.

Na ɗora manhajar, na tayar da ayyukan uku, na kwafo bayanai da hotuna, na jona kebul tsakanin kwamfutocin. Shafi ya buɗe, sunaye suka fito tsaf. Shugaba ya aika a kira dattawan nan biyu, suka shigo da mutanensu har ɗakin ya cika. Na rubuta sunan na farko. Ga jerin shanunsa, ga shekarunsu, amma inda hoto ya kamata ya fito babu komai sai ɗan akwati fari. Na gwada na biyu, haka. Duk shafukan babu hoto ko ɗaya.

Na kashe na kunna. Na cire kebul na mayar. Na sake kwafo hotunan daga filashi. Gumi ya fara bin bayana, ga shi ranar ko rana ba a yi ba. Da zan iya komawa kan mai Windos ɗin in nuna musu a can, kuma da hankalina yana jikina da abin da zan yi ke nan, amma kunya da taurin kai suka hana ni ko tunawa. Dattijo ɗaya ya ce, “Malam, mi anka yi wa shanun namu?” Wani daga baya ya ce wataƙila sun tafi kiwo. Aka yi dariya, ban da ni da Kawu.

Inna ta taɓa hannuna. “Ɗan nan, koma inda kaka nuna ɗazu.”

Na buɗe mata saƙon da sabar ta rubuta, inda take cewa ta nemi jakar ajiya ta cikin kwamfutar da ake kira hotuna ba ta gani ba. Na kuma nuna mata jakar, na ce, “Ga ta nan kuwa, Inna. Ƙarya take yi mini.”

Ta matso da fuskarta har kusa da allon. “Ba ƙarya ta yi ba. Nan ka rubuta da babban baƙi, Hotuna. Can kuma da ƙarami taka nema.”

Na yi murmushi irin na wanda ya je makaranta. Na ce mata kwamfuta ba ruwanta da wannan, a tawa haka yake kuma yana aiki.

“Taka ce ba ruwanta,” in ji ta. “Ni na yi aiki da shugabanni fuɗu. Uku ko mi ka kai musu sa hannu sukai. Na fuɗun, baƙi guda za shi gani ya maido maka takarda. Wagga irin na fuɗun ce. Gyara mu gani.”

Don in rabu da ita kawai na gyara. Na goge babban baƙin na sa ƙarami, na sake buɗe shafin. Sai ga shanu sun cika allo, farare da jajaye. Ɗakin ya ɗauki salati. Sai a lokacin na tuna malaminmu ya taɓa faɗa mana cewa Linuks tana bambanta babban baƙi da ƙarami, Windos kuwa ba ta damu ba. Ranar da ya faɗa ina can bayan aji ina hira.

Muka buɗe shafin dattijo na farko, ga jan bijimi, kahonsa na hagu ya ɗan lanƙwasa, da tsaga a kunnen dama. Muka buɗe na dattijo na biyu, ga wani jan bijimin kamar an tsaga kara, amma kahonninsa a miƙe, kunne lafiya lau. Aka fita gaba ɗaya aka duba wanda ke ɗaure. Dattijo na biyu ya kama kunnen ya daɗe yana kallo, sannan ya saki ya miƙa wa ɗan'uwansa hannu.

“Naka ne, Alhaji. Ka yafe mini, ido ne ya tsufa.”

“Ba komi. Ko ni da ban ga kunnen ba sai in rantse wancan ne nawa.”

Bayan kwana biyu aka gano nasa a wata ruga, ya bi garken wasu. Ranar dai an kawo fura da nono a babbar ƙwarya, muka sha a gindin bishiya. Kawu yana ta gaya wa mutane ɗansa ne ya yi aikin, Inna tana jinsa, sai ta dube ni ta saman tabarau. Ni na tashi da kaina na gaya musu gaskiya. Kafin in tafi na koya mata yadda ake kunna sabar da kashe ta, ta rubuta komai a takarda, har ta gyara mini kuskure biyu a umarnin da na rubuta mata.

Tun daga ranar ban ƙara cewa abu yana aiki ba sai na gwada shi a kan ainihin kwamfutar da zai zauna. Kuma duk ofishin da na shiga, kafin in buɗe jakata, nakan tambayi wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, in jawo masa kujera kusa da tawa.